KAYAN KAMUN KIFI A BAKIN TEKU: YADDA AKE HAƊA SU DA YADDA AKE TATTALINSU

Jawabi ga makiyaya da manoma masu tafiya cin rani

  

Yau zancenmu ya ɗan kauce ma allurar rigakafi da tanadin ciyawa. Za mu yi magana bisa kayan kamun kifi na bakin teku. Wani zai ce: mine ne haɗin Nijar da teku, alhali daga Yamai zuwa Kwatano ya ɗara kilometir 1000? Amsar tana cikin gidajenku. In an gama girbi, an zuba dammuna cikin rumbu, samari da yawa su kan kama hanyar kudu: Kwatano, Lome, Ankara, Abijan, Ikko. Mafi yawansu talla su ke yi, ko dako, ko gadi, ko rakiyar dabbobi. Amma akwai masu ƙarewa bakin ruwa. Wasu su ja igiyar taru a sallame su da kifi, wasu su sayi fatsa ta kansu don cefane da ɗan abin saidawa. Kuɗin kayan nan kuwa, sau tari akuya ce ko tunkiya aka fidda daga garke aka kai kasuwa. In tsatsa ta cinye kayan cikin wata guda, to akuyar ta tafi a banza ke nan. Don haka ku saurara, wanda ba ya tafiya ya kai ma ɗanshi ko ƙanenshi.

ABIN DA YA RABA RUWAN TEKU DA NAMU

Ku makiyaya kun san gishiri. Kun san kantun Bilma, kun san abin da ke kai garke Ingal da damana. Kun kuma san abin da kanwa ke yi ma kwanon ƙarfe in ta kwana ciki. To, litir guda na ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen garam 35. Bido mai litir 20, in ruwan ya ƙafe, zai bar muku garam 700 na gishiri. Ruwan kogin Kwara ko na tabkin Madarunfa bai kai garam guda ba cikin litir.

Gishirin nan yana ɓarna ta hanya uku. Ta fari, yana gaggauta tsatsa. Ƙugiyar da za ta yi shekara a gulbi, a teku kwana kaɗan sai ku ga ta yi ja. Ta biyu, in ruwan ya bushe gishirin ba ya tafiya, yana nan manne bisa ƙarfe, kuma yana janyo laima daga iska. Iskar bakin teku kullum da danshi ta ke, ba kamar hunturunmu ba da ke busar da kome. Ke nan kayan da ku ke gani kamar sun bushe, a ɓoye cinsu ake yi dare da rana. Ta uku, in ƙarfe iri biyu sun haɗu, kamar ƙusar baƙin ƙarfe cikin sanholo, ruwan gishiri ya ratsa tsakaninsu, sai guda ya dinga cin guda. Shi ne farin garin nan da ke fitowa gefen ƙusa, har ta ƙi kwantuwa.

Bayan gishiri akwai abokan ɓarna biyu: rairayi da rana. Rairayi yana shiga duk abin da ke juyawa ya goge shi. Rana kuwa tana ƙona zaren nilon a hankali, ya yi fari, ya bushe, ya tsinke ranar da babban kifi ya kama.

IRIN SUN DA AKE YI DAGA TUDU

Iri huɗu za ku tarar. Akwai fatsar hannu, watau zare da aka naɗe bisa guntun katako ko gwangwani, a wulwula a jefa. Ita ta fi araha, kuma da ita ya kamata baƙo ya fara. Akwai fatsa mai sanda da keken naɗe zare, wanda masu jin faransanci ke ce ma muline. Sandar bakin teku ta kan kai metir 3 da rabi zuwa 4 da rabi, don a jefa bayan inda raƙuman ruwa ke fashewa. Akwai birgi, wanda aka fi jefawa wurin da ruwan tabki ko kogi ke haɗuwa da teku, kamar Aneho ta Togo da Garan Popo ta Benin. Sannan akwai babban taru, mai tsawon ɗaruruwan metir, wanda jirgi ke kewayawa da shi, mutane masu yawa su ja igiya biyu daga tudu. Shi wannan na ƙungiya ne, yana da mai shi da shugaban aiki.

Kowane iri ku ka zaɓa, da dare ko da hantsi ake shirya kaya a gida, a zaune, cikin natsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya tsaya ƙulla ƙugiya bakin ruwa, iska na kaɗawa, hannu da santsin kifi, ƙullinshi ba ya riƙo.

ZARE

Kaurin zare ana rubuta shi bisa kwarkwaronshi. Don fatsa mai sanda, ku nemi 0,35 zuwa 0,45 na milimetir. Don fatsar hannu, 0,60 zuwa sama, saboda siririn zare yana yanka yatsa. Kafin ku biya, ku warware gaba guda, ku yi ƙulli, ku fizga. Zaren da ya daɗe rataye cikin rana a rumfar ɗan kasuwa nan take zai tsinke. Araha ba ta ado.

Mai jifa da sanda ya ƙara wani abu. A bakin siririn zaren ana ƙulla mai kauri, 0,60 ko 0,70, tsawon sanda biyu da ɗan ƙari, yadda zai naɗu sau biyar ko shida bisa kwarkwaro. Dalili shi ne, lokacin jifa duk nauyin dalma bisa wannan yanki ya ke sauka. In siriri ne, sai ya tsinke, dalma ta tashi kamar dutsen majajjawa. Dalma mai garam 100 in ta sami kan yaro, ba sai na faɗa muku sauran ba.

ƘUGIYA

Lambar ƙugiya tana ruɗa mutane. In lamba ce zalla, kamar 2, 6, 10, to duk yadda lambar ta hau, ƙugiyar ƙanƙancewa ta ke. In kuwa an rubuta 1/0, 2/0, 4/0, to nan yadda lambar ta hau haka ƙugiyar ke girma. Ku dubi bakin kifin da masuntan wurin ke fiddowa, ku sayi daidai da shi. Ƙaramar ƙugiya tana kama babban kifi, amma babba ba ta shiga bakin ƙarami.

Ƙarfen ƙugiya iri uku ne a kasuwa. Baƙa tana da kaifi da araha, sai dai ita ta fi saurin tsatsa. Fara, wadda aka shafe da kuza, ta fi jimre ma gishiri, ita ce ta yawancin masuntan teku. Sai ta ƙarfen da ba ya tsatsa da wuri, mai tsada. Ita kuma aibinta, in ta ɓace cikin rairayi ko ta tsinke bakin wata halitta, ta kan daɗe ba ta ruɓe ba.

Gwajin kaifi ba shi da wuya. Ku ɗora tsinin bisa farcen babban yatsa, ku ja a hankali. In ya kafe, da kyau. In ya zame, ku goga shi da ƙaramin magagari ko dutsen washi, sau uku ko huɗu kowane gefe, daga gindi zuwa tsini. Wurin da aka wasa rufin kuza ya tafi, don haka shi zai fara tsatsa: a shafa mishi ɗan mai. Ƙugiyar da tsatsa ta ci wurin lanƙwasarta ko wurin idonta, kada ku ɓata lokaci kanta, ta gama aiki.

In wurin akwai barakuda, dogon kifin nan mai haƙora irin na tsage, nilon ba ya tsaya mishi. Ana sa siririyar wayar ƙarfe, kamar taƙi guda ko fiye kaɗan, tsakanin ƙugiya da zare. Waya in ta lanƙwashe ta yi gwiwa, nan za ta karye: a canza ta.

ƘULLI DA JERI

Mafi yawan kifin da ke kuɓucewa, wurin ƙulli zare ke tsinkewa. Ga ƙulli guda mai sauƙi. Ku zura bakin zare cikin idon ƙugiya, ku naɗa shi bisa uwar zaren sau biyar ko shida, ku maido bakin ku zura cikin ƴar ƙofar da ta rage kusa da ido. Ku jiƙa da miyau kafin ku ja. Busasshen nilon in ya gogi kanshi yana yin zafi, zafin kuma yana rage mishi ƙarfi. Ku ja a hankali har naɗin ya jeru, sannan ku yanke saura ku bar ɗan kaɗan. In zaren mai kauri ne, naɗi huɗu ya isa.

Jerin da ya fi sauƙi shi ne: dalma can ƙasa, ƙugiya biyu sama da ita, kowace bisa ɗan reshen zare mai tsawon santimetir 30 zuwa 40. Ku bar tazara tsakanin rassan yadda ƙugiyoyin ba za su kai ga juna ba, in ba haka ba sarƙewa za su yi. Tsakanin jerin da uwar zare a sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa, shi ke hana zare murɗewa. Ku haɗa jeri huɗu ko biyar tun a gida, kowane ku naɗe shi bisa guntun soso ko tsohon silifa, ku soke tsinin ƙugiya ciki. Guda ya tsinke, ku ɗaura wani, aiki bai tsaya ba.

Abincin ƙugiya a can shi ne jatan lande, yankan sardin, ƙaramar ƙaguwa. Sardin tana da laushi, jifa guda sai ta fice. A ɗaure ta da zaren ɗinki.

DALMA DA HATSARINTA

Bisa rairayi, dalma mai garam 100 zuwa 150 ake so, mai kusurwa huɗu da tsini, ko mai ƙafafun waya, don ta kafe. Mulmulalliya ruwa ke gangarawa da ita har ya maido muku gaban ƙafa. Wurin duwatsu kuwa, ku ɗaure dalma da zaren da bai kai uwar zare ƙarfi ba. In ta maƙale, ita kaɗai za ta tafi. A irin wurin nan tsohon buji ko ɗan dutse ma yana aiki, kuma ba asara.

Yanzu ku buɗe kunne. Dalma guba ce. Wasu don neman sauƙi su kan fasa tsohon batirin mota su narka dalmar ciki. A Caroy, wata unguwar bakin teku kusa da Dakar, an daɗe ana haka don yin nauyin raga, har ƙasar unguwar ta cika da garin dalma. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 su ka mutu. Kusa da mu, a Zamfara, a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Mu ma'aikatan kiwo mun san ta wajen shanu: saniya ko maraƙi in ya lashi fasasshen batiri, sai makanta, cizon haƙora, dalalar miyau, faɗuwa, mutuwa.

Saboda haka: ku sayi dalma haɗaɗɗiya. Kada ku matse ta da haƙori, ga awartaki. Kada a narka ta cikin tukunyar abinci, ko cikin ɗaki, ko inda yara da dabbobi ke kai da kawowa. Ku wanke hannu kafin ku ci abinci. Kada yaro ya yi wasa da ita.

AIKIN KOWACE RANA IN AN TASO

Makiyayi ba ya kwanciya sai ya ƙirga garke ya ɗaure maruƙa. Haka masunci, kome gajiya. Aikin bai fi na dafa shayi ɗaukar lokaci ba.

1. Ku nemi ruwan daɗi. Rijiyoyin da ke dab da teku da yawa ruwansu zartsi ne. Ku ɗanɗana tukuna. Litir 2 ko 3 sun isa in an bi a hankali.

2. Ƙugiya, waya, ƙarfe mai juyawa, wuƙa, awartaki: a zuba su cikin kwano da ruwa su jiƙa kaɗan, a tsame, a goge da tsumma, a baza su inuwa su bushe sarai.

3. Ƙugiyar da ta shiga teku kada ta koma gwangwani guda da sababbi. Guda mai gishiri ta isa ta lalata duka, kamar yadda akuya guda mai ƙazwa ke shafa ma garke. Ku yi gwangwani biyu. Cikin na sababbi ku zuba ƴar shinkafa busassa ta tsotse laima.

4. Zare: ku bi gaba uku na ƙarshe tsakanin yatsu biyu. Inda ku ka ji kaushi, rairayi ko dutse ya ci wurin; ku yanke daga nan ku sake ƙulli. Ku zuba ruwan daɗi bisa sauran da ke naɗe.

5. Keken naɗi: ku ɗaure birkinshi tam kafin wanki don kada ruwa ya shiga, ku yayyafa ruwa a hankali, ku goge. Kada ku tsoma shi cikin bokiti, kada ku sa shi ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, don hakan tura gishiri da rairayi ya ke can ciki. In ya bushe sai ku sassauta birkin. In ya kwana a ɗaure kullum, fatun birkin su kan manne. Ɗigon man keken ɗinki guda wurin mariƙi, guda wurin ɗan gargaren da zare ke bi. Kowane wata biyu ko uku a buɗe a share tsohon giris a sa sabo kaɗan. Man gyaɗa ba na keke ba ne, yana daskarewa ya zama danƙo. Kuma ko sau guda kada keke ya taɓa rairayi: ku kafa itace mai gwafa ku jingina sanda.

6. Sanda: a raba gaɓoɓinta, a wanke mahaɗin. In an bar ta haɗe da gishiri da rairayi, wata rana ba ta rabuwa. Zobban da zare ke bi, ku zura ƴar auduga cikin kowane. In audugar ta kama, zoben ya tsage, kuma shi ke yanka muku zare a ɓoye.

Kananzir, fetur da baƙin mai su yi nesa da zare da abincin ƙugiya. Ƙugiyar da za a ajiye, shafar man gyaɗa kaɗan da tsumma ta ishe ta.

RAGA

Birgi ko wata raga, in an taso a kakkaɓe ta, a cire ciyawar ruwa, ƙaguwa da matattun ƙananan kifi. Abin da aka bari ciki shi ke kiran ɓeraye da dare, su kuwa ba kifin kaɗai su ke ci ba, har zaren. A ɗauraye da ruwan daɗi in da hali, a rataye inuwa inda iska ke bi. Ragar nilon ba ta ruɓewa kamar ta auduga, amma rana ita ce ajalinta. In dole a shanya bisa rairayi, da ta sha iska a tattara a rufe.

Ido guda in ya tsinke, ranar ake gyaranshi. Gobe ya zama uku, jibi ya zama ƙofar da kifi ke bi. Ku sayi allurar saƙa raga da zare daidai da na ragar, ku sassaƙa ɗan itace mai faɗin ido don awo. Ku zauna kusa da tsofaffin masunta lokacin da su ke gyaran taru, ku miƙa musu hannu. Ɗan ci rani da ya iya gyaran raga ya fi mai jan igiya daraja, kuma sana'a ce da zai komo da ita gida. Ku riƙa duba igiyar ƙasa mai ɗauke da dalma da igiyar hannu. Wurin ƙulli su ke fara ci.

AJIYA IN ZA A KOMO GIDA

In hadari ya fara haɗuwa, hankalin kowa ya koma gona. Kafin ku kama hanya, ku yi wankin ƙarshe mai kyau, ku bar kayan su yi yini biyu suna bushewa. Kada ku ƙulle su da danshi cikin leda. Wanda zai bar su wurin mai masauki ya rataye su sama, cikin buhun da ke numfashi.

Wanda zai taho da su, ya san abokan gaban nan dabam ne. Zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce awo 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka. Zare ya fi son ɗakin laka mai duhu. Gara tana cin katako da sandar gora. Ƙugiya da dalma a sa su gwangwani mai murfi, a ɗora inda hannun yaro da bakin akuya ba su kai. Zaren da ya yi aikin rani guda cur, a canza shi kafin tafiya ta gaba. Mai son gwada kayan a Madarunfa, Tabalak ko bakin kogi, ya fara biyawa wurin ma'aikatan ruwa da daji don takardar izni, ya kuma gaida sarkin ruwa.

DABBOBI DA GUNTAYEN KAYAN SU

Nan ne zancen ya dawo gidanmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa mahauta ya ga abin da ake fiddawa daga tumbin tumaki da shanu: leda, igiya, tsumma, ƙusa. Guntun zare da yagaggiyar raga da aka yar bakin ruwa suna da gishiri da ƙarnin kifi, dabba kuwa tana son gishiri. Saniya ba ta tsince abinci, haɗiya ta ke yi. Nilon ba ya narkewa, sai ya dunƙule cikin tumbi, dabba ta dinga ramewa ga ciki a kumbure. Ƙugiya ko guntun waya kuwa ƙaramin tumbin nan mai kamar saƙar zuma su ke faɗawa, shi kuma dab ya ke da zuciya. In ƙarfen ya huda, sai saniya ta bar ci, nono ya ɗauke, ta gantsare baya, ta riƙa nishi in za ta kwanta ko za ta tashi. Zare kuma in ya naɗe ƙafar ɗan akuya ko kaza, yana shiga cikin nama har ƙafar ta mutu.

Maganin abin yana hannunku. Duk guntun da ku ka yanke, ku sa aljihu, kada ya faɗi ƙasa. Matacciyar ƙugiya a tara ta cikin gwangwani, a buge bakinshi, a binne da zurfi. In kun ga zare yana leƙowa daga bakin dabba, kada ku ja, wataƙila da ƙugiya a ƙarshenshi. Ku ɗaure bakin zaren don kada ta ƙarasa haɗiye shi, ku kai ta wurin likitan dabbobi.

RAI YA FI KIFI

Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma tekun wannan gaɓa yana da ja. Akwai wurare da ruwan da ya bugo tudu ke komawa ciki da gudu ta hanya guda. Sau tari wurin ya fi kama da kwanciya, ba kumfa sosai. Kada ku shiga ruwan da ya wuce gwiwa. Kada ku ba teku baya. Fatsa in ta maƙale, ku tsinke ta, kada ku bi ta. Kada ku naɗa zare bisa hannu ko wuyan hannu. Ku naɗa bisa itace. Kafin jifa ku waiwaya baya. In ana walƙiya, a kwantar da sanda a bar wurin.

Teku yana hawa yana sauka sau biyu cikin kwana guda, kuma kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. Ya fi cika da tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Dutsen da ku ka hau a bushe, bayan awa biyu yana iya zama tsakiyar ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba ne ya fi hauka.

Ƙugiya in ta shiga yatsa har kunnenta ya nutse, ba a janta baya da ƙarfi. In kusa da ido ne, ko gaɓa, ko ta yi zurfi, a yanke zaren a tafi asibiti. Ko ƙaramin rauni ne, a wanke da sabulu a tambayi allurar tetanos. Akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da ƙaya ga wutsiya, akwai kuma mai kama da ƙurungu da ƙaya uku. Dukansu ƙayarsu da dafi. A tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda fata ke iya jimrewa, rabin awa ko fiye, sannan a ga likita. Kifi mai kumbura irin talibambam kada ku ci, kada ku jefa ma kare ko kaji.

DOKA DA AL'ADAR WURI

Baƙo ko da ido makaho ne. Kowace gaɓa tana da shugaban masunta, kamar sarkin ruwa a wajenmu. Ku je tare da mai masaukinku ku gaishe shi, ku tambayi inda aka yarda a jefa fatsa, don kada ku shiga hanyar taru. A garuruwa da yawa na bakin tekun Gana, ranar Talata ba a su. Gwamnatin ƙasar ta rufe ma ƙananan masunta teku wata guda a 2019, daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, ta kuma rufe watan Yuli daga 2021 zuwa 2024, don kifi ya hayayyafa. Tsarin yana canzawa, ku tambaya duk shekarar da ku ka sauka. Akwai kuma ƙa'ida bisa faɗin idon raga da irin zarenta. Ragar da aka hana, kome arharta, ƙwace ta za a yi. Kunkurun teku in ya faɗa ma kayanku, ku sake shi. Ƙananan kifi ku maida su ruwa. Wanda ke yanka maruƙa ba ya tara garke.

To jama'a, abin da za ku riƙe ga shi: a haɗa kaya a gida, a wanke da ruwan daɗi duk ranar da aka taso, a busar a inuwa, a raba tsohuwar ƙugiya da sabuwa, a yi nesa da narka dalma, kada a yar da guntun zare. Ku dattawa, in yaro ya zo neman a saida akuya don kayan su, ku tambaye shi ya faɗa muku waɗannan shida tukuna. Mai tambaya bisa dabbar da ta haɗiyi wani abu, ƙofar ma'aikatar kiwo a buɗe ta ke. Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su lafiya.